Sikelin da Ke Bayan Ƙofarta

Kafin ku ci gaba da karatu, bari in gaya muku tun yanzu: abin da na zo da shi yau ba mai daɗi ba ne. Waɗanda suka yi ta turo min barka saboda na ce an tsayar da lokacin auren 'yata, ku riƙe barkarku tukuna. Wani abu ya lalace a gidana, kuma ni na lalata shi, da sukundireba da filaya, da rana tsaka, ina ganin taimako nake yi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni mai gyaran sikeli ne. Shagona ɗan ƙarami ne, a layin masu walda, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da fenti. Sikelin mahauta, na masu kifi, na masu awon buhu, na asibiti da ake ɗora jarirai, duk suna zuwa hannuna. Karatuna bai yi nisa ba, shi ya sa za ku ga rubutuna a miƙe yake. 'Yata ɗaya ce mace, yayyenta maza suna aiki a wani gari. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Mamana nake ce mata. Tana koyarwa a makarantar ƙananan yara. Wanda zai aure ta mai haɗa sola ne, uwarta ta sa masa Dogo saboda sai ya sunkuya yake shiga falonmu. Yaro ne mai kunya, in ya zo gaishe ni har yanzu bai iya kallon idona.

Mamana ta ɗauko jikin kakarta. Ba ƙiba ba ce, cika ce kawai, irin wadda in yarinya ta yi dariya kumatunta ke rufe mata ido. Ni ban taɓa ganin aibu a ciki ba.

Abin ya fara ne a shagon tela. Sun je awon rigar biki ita da uwarta da yayar Dogo. Tela ya zagaya tef a ƙugunta, ya faɗi lamba, sai yayar Dogo ta ce, "Tela, ka ƙara yadi fa. Amaryarmu ba ta wasa da faranti." Aka yi dariya, har da uwarta. Mamana ma ta yi. Uwarta ce ta ba ni labarin a matsayin abin ban dariya, ni ma na ɗan yi.

Bayan 'yan kwanaki ta same ni a falo ina shan shayi, ta zauna a hannun kujera.

"Baba, ina son sikeli."

"Na me? Kifi za ki fara sayarwa?"

"Na mutum, Baba. Wanda ake hawa."

Akwai wani tsohon sikeli fari mai allura da wani ya kawo gyara ya manta da shi shekaru. Na wanke shi, na sa masa mai, na gwada shi da duwatsun awona har ya tsaya daidai, na kawo mata. Ta ajiye shi a bayan ƙofar ɗakinta. Ta kuma nuna min wata manhaja a wayarta. Za ka rubuta tsawonka da nauyinka da nauyin da kake so ka kai, sai ta yanka maka adadin abin da za ka ci a yini. Kalori suke ce masa. Duk abin da ya shiga bakinka ka rubuta, ita kuma ta rage.

"Wato waya ce za ta gaya miki kin ƙoshi?" na ce.

"Ilimi ne, Baba. Kai ma da za ka yi, wannan tumbin zai sauka."

"Tumbina da guminsa na tara shi, ki bar min kayana."

Da farko ban ga laifin abin ba. Ta bar lemun kwalba, ta rage sukari, tana zagaya unguwa da yamma sanye da takalmin roba da doguwar riga mai ruwan toka. Har na ji daɗi. Amma sikeli ba ya sauri, ni na san haka. Mako ya zagayo allura ta ɗan matsa kaɗan, wani makon ta tsaya cak. Sai Mamana ta fara cin ƙasa da abin da wayar ta yanka mata. Burodi ya fita daga karin kumallonta. Ƙwai biyu ya koma ɗaya, ɗayan ma ban da gwaiduwa. Shinkafar da uwarta ke zuba mata a kula ta tafi da ita makaranta sai ta dawo kamar yadda ta tafi, an ɗan yi rami a gefe da cokali.

Wata rana wayar tana caji a kan tebur, saƙo ya faɗo da jan rubutu. Turancina bai kai ba, na tambaye ta.

"Cewa take ban ci isasshe ba jiya," ta ce, ta kife wayar.

"To ki ci mana. Ba ita ce malamar taki ba?"

"Haka take wa kowa. In na bi nata lissafin sai bayan biki zan kai."

Ɗakina da nata bango ɗaya ne ya raba. Kowace safiya kafin ta shiga wanka sai in ji ta jawo sikelin, in ji ƙarar ƙarfen ya karɓi nauyinta, ƙiris. Shiru. Ta sauka, ta sake hawa. Shekara da shekaru ina jin wannan ƙarar a shago ba ta taɓa damuna ba. Yanzu ko mahauci ne ya ɗora cinya a kan sikeli sai gabana ya faɗi.

Na yi mata magana da lallashi. Na yi da faɗa. Uwarta ta yi kuka. Amsarta ɗaya ce: "Saura kaɗan, Baba. Da na kai lambar zan daina, wallahi." Ta faɗa min lambar. Kilo uku ne tsakaninta da ita.

A nan ne shaiɗan ya zo min da fuskar dabara. Na ce a raina, in dai lamba take nema, ai ni ne mai lamba.

Ku da ba ku san aikin ba, irin wannan sikelin sifirin ne a cikinsa, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo. In ka murɗa ɗan tayan da ke ƙasa, kowa zai gane, don allura ba za ta zauna a kan sifili ba. Amma in ka buɗe shi ka matsar da maƙalar sifirin ɗin, ya ƙara tauri, sai ka mayar da allura kan sifili. Babu wanda zai gani. Sai an hau ne zai faɗi ƙasa da gaskiya. Masu sayen kaya a hannun manoma sun sha roƙona in yi musu haka, da kuɗi a hannu, ina korarsu daga shagona. Ranar nan na rufe shago da azahar, na dawo gida lokacin da na san uwarta ta tafi kasuwa, na zauna a ƙasan ɗakin 'yata na yi.

Ban yi shi gaba ɗaya ba, don kada ta yi zargi. Kaɗan na matsa. Bayan mako na sake matsawa. Ɗakin yana ƙanshin man gashinta, ga rigunan makaranta a rataye, ga hoton Dogo a maƙale a gefen madubi yana kallona.

Washegari na ji ƙiris ɗin nan, sannan na ji ta fito da sauri.

"Mama, ya sauka."

Uwarta ma ta hau don gwaji, ta fito tana gyara ɗaurin zani. "Malam, ka ga ni ma na ragu. Ashe barin sukarin nan da gaske ne."

"Sukarin da na ga kin zuba cokali uku ɗazu?"

"Ƙananan cokula ne."

Muka yi dariya mu uku, karo na farko cikin makonni. Na tafi shago ina jin kaina wani mai hikima.

Ranar da allura ta nuna mata lambar da take so, na biya na sayo kaza gasassa da ayaba da madarar kwali. Na shimfiɗa a tebur. Na ce, "To Mamana, alkawari ya cika. Bismillah."

Ta ɗauki fiffike ɗaya, ta cire fatar, ta ci rabi. Fuskarta tana haske, amma idanunta sun faɗa ciki.

"Baba, ka san me na gano? Duk lokacin da nake bin adadin wayar nan, ba na sauka. Makonnin nan da na rage sosai, ka ga yadda ya zubo? Ashe jikina ba ya son abinci da yawa ne. Na gane kansa yanzu."

Na ajiye naman da ke hannuna. Makonnin da take faɗa su ne makonnin da na taɓa sifirin.

"Amma ai kin kai," na ce.

"Na kai. Sai dai tunda hanya ta buɗe, bari in ƙara rage biyu, saboda hoto yana ƙara wa mutum jiki."

Na san abin da za ku rubuto min: me ya sa ba ka faɗa mata a take ba? Na buɗe baki. Uwarta tana zaune, Mamana kuma tana murmushin da na daɗe ban gani ba. Na ce bari sai gobe. Goben ta zo na ce bari in mayar da sifirin inda yake a hankali. Sai na tuna in na mayar, allura za ta hau, ta ga kamar ta ƙaru, ta ƙara yanke abincin. In na bar shi, ƙarya ce take hawa kullum. Na zama kamar wanda ya riƙe wayar lantarki, ba sakewa ba riƙewa.

Ta fara jin sanyi. Ana zafi, fanka tana juyi, ita tana cikin rigar sanyi mai hula. Uwarta ta nuna min gashin da ta kwaso daga matajinta, ta dunƙule shi a tafin hannu. Zoben da Dogo ya ba ta ya fara zamewa, ta naɗa masa zare. In ta tashi daga kujera sai ta dafa bango ta tsaya, ta ce ƙafarta ce ta yi sanyi. Kuma ga abin da ya fi tsaya min: a ƙarshen rayuwar mahaifiyata, da ciwo ya cinye ta, akwai yadda ƙashin wuyanta ya fito, da yadda take riƙe kofi da hannu biyu. Wata safiya na shigo kicin na ga Mamana ta ba ni baya, ta riƙe kofin ruwan zafi da hannu biyu. Sai da na koma falo na zauna.

Dogo ya zo shagona ranar wata Laraba, da kayan aikinsa a jiki, igiyar tsaro a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ba shi benci.

"Baba, don Allah a yi min afuwa, magana ce ta kawo ni."

"Ina jin ka."

"Ko na yi wani laifi ne? Ta daina yarda mu fita. In na kawo mata abu sai ta ce ta ci." Ya ciro waya ya miƙo min. "Duba, Baba."

Na karanta. Ya rubuta mata: "Na biyo ta wajen mai kifin nan da kike so, in taho miki da shi?" Ta amsa: "Na ƙoshi, nagode." Ya rubuta: "Ke kullum a ƙoshe. Ni fa yadda na gan ki ranar farko haka nake so." Ta amsa: "Haka kuke cewa." Ya rubuta: "Mu wa?" Nan saƙonnin suka tsaya.

Na ba shi labarin shagon tela. Ya kalli duwatsun awo da ke jere a kan kanta.

"Yaya ba ta da linzami a baki," ya ce. "Ni ma tun ina yaro take ce min sandar rake. Zan same ta."

"Samunta ba zai mayar da maganar ciki ba."

Nawa laifin ban faɗa masa ba. Ya tafi yana ba ni haƙuri, ni da ya kamata in ba shi.

Ranar Litinin da hantsi ina kwance sikelin wani mai hatsi, waya ta yi ƙara. Shugabar makarantarsu ce. Ta ce Mamana tana rubutu a allo ta sulale, yara suka yi ta ihu, an kai ta asibitin da ke kusa da su. Ban rufe shago ba, mai fenti na ce wa ya duba min.

Na same ta a gado an sa mata ƙarin ruwa, da ƙurar alli har yanzu a yatsunta, gefen goshinta ya kumbura. Uwarta tana gefe tana ja mata mayafi. Dogo ya riga ni isa, yana tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa shi. Likitar mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta ce jininta ya yi ƙasa, bugun zuciyarta ya yi sanyi fiye da yadda take so. Ta tambaye ta abin da ta ci jiya da shekaranjiya. Da Mamana ta lissafa, likitar ta ajiye biro.

"Wannan ba rage ƙiba ba ne," ta ce. "Adadin da wayar ta ba ki ma an riga an rage shi. Ke kuma kika shiga ƙarƙashinsa kika zauna. Jiki in bai samu ba, naman kansa yake ci, kuma zuciya ma nama ce."

Da ruwan ya ƙare, nas ta turo sikelinsu mai lamba a gilashi, ta kama hannunta ta hau. Nas ta faɗi lambar da ƙarfi don likita ta rubuta.

Na ga fuskar 'yata ta sauya.

"Ba daidai ba ne," ta ce.

"Haka ya nuna."

"Jiya na hau na gida. Ba zai yiwu in ƙaru haka a kwana ɗaya ba. Ko ruwan da kuka sa min ne?" Ta juya wajen nas. "Sikelinku ya lalace. Babana aikinsa ke nan, ga shi nan. Baba, duba musu."

Kowa ya juyo yana kallona. Nas ta ɗan matsa gefe, tana jira.

Da na so, kalma biyu ta isa. In ce yana ƙari, irinsu suna yi. Za ta yarda da ni, don ba ta taɓa jin na faɗi awon ƙarya ba. Na durƙusa, na duba ƙafafunsa huɗu a kan tayil, na kashe na kunna, na danna da tafin hannu. Ba don ina shakka ba, lokaci nake nema.

"Lafiyarsa ƙalau, Mamana," na ce. Ban ɗago ba. "Na gida ne ba daidai ba. Ni na taɓa shi."

"Ka taɓa shi yaya?"

"Na ƙara wa sifirin tauri. Yana rage miki kilo uku. Na ɗauka in kin ga lambar za ki ci abinci."

Uwarta ta ce, "Malam," ta rufe baki da mayafi. Dogo ya sunkuyar da kai. Mamana tana tsaye a kan sikelin, ba ta sauka ba. Na yi zaton za ta yi kuka ko ta yi faɗa, na shirya wa duka biyun.

"Tun yaushe?" ta ce.

Na faɗa mata.

Na ga tana lissafi a kanta, leɓɓanta suna motsi. Abin da ta ce bayan nan shi ne yake hana ni sukuni har yanzu.

"Ashe ban ma kai ba."

Likitar ta sallami kowa ta zauna da ita su biyu. Da ta fito ta kira ni gefe. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ta ce in fitar da sikelin daga gidan, kada in gyara shi, kada in kawo wani. Ta ce akwai wata abokiyar aikinta da ke zama da masu irin wannan matsalar, ta ba mu rana. Ta ce a ci abinci tare a tebur, ba faɗa, ba sa ido. Na ce yaya uba zai yi ya hana idonsa? Ta ce, "Ka koya."

A bakin asibiti Dogo ya ce da Mamana in tana so a ɗaga bikin, ko a fasa rigar gaba ɗaya ta sa wadda take so, shi duk ɗaya ne a wurinsa. Ta ce masa, "Kai ma ka sani?" Ya rantse bai sani ba. Ta kalle shi kamar tana auna rantsuwar, ta shiga mota. Tun daga ranar saƙonninsa suna shigowa, ina jin ƙararsu ta bango, ban san ko tana buɗewa ba.

Sikelin yana shagona yanzu, a ƙarƙashin kanta, na juya fuskarsa ƙasa. Amma da safe har yanzu ina farkawa ina jiran ƙiris ɗin nan. Mamana tana gaishe ni kamar kullum, "Ina kwana, Baba," ta durƙusa, sai dai ba ta zama a hannun kujerata.

Jiya da rana uwarta ta dafa taliya da kifi. Muka zauna mu uku. Na kafa idona a kan farantina kamar yadda aka umarce ni. Mamana ta juya cokali sau da yawa, sannan ta ce ba ta iya ci ana jin numfashinta, a bar ta ta shiga ɗaki da shi. Uwarta ta kalle ni. Likita ta ce tare, ta kuma ce ba faɗa, ban san wanne zan riƙe ba. Na ce ta je.

Ta daɗe a ciki. Da ta fito, farantin fes, har ƙayar kifin a jere a gefe. Ta kai kicin ta wanke, ta ɗauki jakarta ta ce za ta ɗan zagaya ta sha iska. Uwarta ta riƙe hannuna tana cewa alhamdulillahi.

Ni kuwa ido na bi jakar da shi har ta fita daga ƙofa. Na san yadda maɗaurin jaka yake zama a kafaɗa in jaka babu komai, na san yadda yake zama in akwai abu a ciki, aikina ke nan. Amma rigar sanyin ta rufe maɗaurin, kuma ban tashi na bi ta ba.

Ranar ganin abokiyar likitar jibi ce, Mamana ta ce za ta je. Ban san ko za ta je ba. Ban kuma san ko taliyar nan cikinta ta shiga ba.